Ni Za a Fara Yi wa Aikin Ido

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga ƙanwata, autar ɗakinmu. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan takardar nan za ta same ki lafiya, ke da maigidanki da yara da jikoki. Yaya ƙafar taki? An ce min har yanzu sai kin dafa bango kike tashi. Allah ya ba ki lafiya, ya sa kaffara ce. Allah ya jiƙan iyayenmu, ya kyautata namu ƙarshen. Mu nan lafiya muke, sai gajiya da godiyar Allah. Matar ɗanki na wajena ce take rubuta min, ta ajiye wanki ta zauna, don kin san ni ko sunana aka rubuta ba gane shi zan yi ba. Ta ce in riƙa yi a hankali, wai ina zuba kamar famfo. In kin ga maganar ta tafi ta dawo ki yi haƙuri, haka bakina yake. Na san za ki ce me ya hana in kira ki a waya. Ke ba kya ji sosai, sai na ɗaga murya, gidan nan kuwa kafin in ce uffan mutane sun tsaya a kaina.

Jaririyarsu ta fara haƙori, zawo ya ɗan taɓa ta amma ta warware. Babbar ta ci jarrabawa, tana ta yi mana iyayi. Shi kuwa ɗanki, in kin gan shi sai ya ba ki tausayi. Mutane suna cewa tunda aka zaɓe shi majalisa ai ya huta, ni da nake jin tarinsa ta bango na san ba hutu. Ba na ganin fuskarsa yanzu, amma ran nan na kama hannunsa na ji duk ƙashi. Gidan nan ya zama tasha. Tun kafin in idar da sallar asuba nake jin ana jan benci a ƙofar gida. Wannan famfon unguwarsu ya mutu, wancan iska ta kwashe rufin makarantarsu, matan kasuwa an ce za a tashe su daga bakin titi, wani an kama ɗansa ba a gaya masa laifin ba. Duk sai ya saurare su, shayinsa ya huce a hannu, sannan ya shiga mota. Waɗanda ba su samu ganinsa ba sai su faɗo ɗakina, wai in ni na faɗa masa ba zai ƙi ba. Su zauna min a bakin gado, su ture min buta, su zube takalma a bakin ƙofa in yi ta tuntuɓe. Ni da nake gane ɗakina da ƙafa da hannu, in aka gusar da abu ɗaya sai in zama baƙuwa a ciki. Saƙonnin ma sun yi wa kaina yawa. Wata ta ce in gaya masa gadar unguwarsu ta karye, ni kuma na kira masa sunan wata unguwar daban, ya kwashi ma'aikata suka je suka tarar da gada lafiya lau, mutane suna wucewa a kai suna gaishe su. Ga matarsa nan tana dariya har rubutun ya tsaya. Shi bai yi dariya ba ranar.

To ga maganar da ta sa na tayar da ke. Kin san idona. Na dama yanar ido ta rufe shi ruf tun da daɗewa. Na hagu ne ya rage min ɗan haske, ina gane ƙofa in rana ta fito, ina gane mutum ya tsaya ko da ban san ko wane ne ba sai ya yi magana. Da ɗan hasken nan nake kai kaina bayi, nake alwala, ba mai riƙe ni. Ashe irina da yawa ne a yankin nan. Ɗanki da yake yawon unguwanni da ƙauyuka ya ce gida kaɗan ne zai shiga bai tarar da tsoho ko tsohuwa a ƙuryar ɗaki ba, an ajiye kamar tsohon buhu. Sai ya ɗauki maganar ya kai majalisa. Na ji shi da kunnena a rediyo yana cewa a turo likitocin ido su zo har inda mutane suke, don tsohon da ba ya gani ba zai iya hawa mota ya je babban asibiti ya wuni a layi ba. Shugabansu ya buga masa guduma wai lokacinsa ya ƙare. Wani zaman ya sake tashi da ita, wani ma haka. Har 'yan uwansa na majalisa suka sa masa suna, da ya miƙe sai ki ji ana cewa ga Mai Ido nan, ana dariya. Ranar, kashe rediyon na yi, ba zan iya jin ana yi wa ɗana dariya ba. Ya yi ta sintiri ma'aikatar lafiya, yau a ce ya dawo gobe, gobe a ce mai sa hannu ya yi tafiya, har Allah ya sa suka gaji da shi suka yarda. Likitocin za su zo ƙarshen watan nan, an share musu ɗakuna a ƙaramin asibitinmu, kuma kyauta ne. Amma an gaya masa in suka zo ba su samu mutane ba, za su naɗe kayansu su wuce wani yankin, shi kuma kada ya ƙara tashi da maganar.

Sai ga shi tsofaffin sun ƙi. Aka fara yawo da magana wai ƙwaƙule idon ake yi a ajiye a faranti a wanke, wai wani a wani gari an mayar masa da nasa a karkace. Wasu suka ce ai zaɓe ne ya matso shi ya sa ya tuna da makafi. Ya tara mutane a filin makaranta don a yi musu bayani, har da malamar asibiti. Ana cikin haka tsohon mai gyaran keke, wani mutum da bakinsa ba linzami, ya miƙe ya ce shi tambaya ɗaya gare shi, in abin nan alheri ne me ya sa uwar Honarabul take zaune a gida ba ta gani. Shi kuma ɗan naki, maimakon ya ce bari ya je gida ya yi shawara, sai ya buɗe baki a gaban jama'a ya ce ai mahaifiyarsa ce za a fara yi wa. Aka yi ta tafi. Ni ina nan ina jan carbi, ban san an ba da idona ba. A bakin mai kawo mana gawayi na ji, ta shigo tana yi min barka, wai ashe haka nake da ƙarfin zuciya.

An kira matar ɗanki, baƙi sun zo, ta miƙa takardar ga maƙwabciyarmu maɗinkiya, shi ya sa za ki ga hannun ya canja. Gara ma haka, don abin da zan faɗa yanzu ba na son ya koma kunnen mijinta, maɗinkiya kuma ta rantse min. 'Yar uwata, tsoro nake ji. Ni da ban taɓa kwana a asibiti ba, ko allura sai an riƙe ni, yanzu a ce in kwanta wani yaro sa'an jikana ya sa min wuƙa a ido, kuma wai ba za a sa ni barci ba. Malamar asibitin ta zo har ɗaki ta ce na daman za a fara, wanda ya riga ya rufe, ba abin da zan rasa. Na ce mata to in ciwo ya tashi daga wannan ya tsallaka wancan fa. Ta ce da wuya. Na ce da wuya ɗin nan nake tambaya. Sai ta ce ita ba za ta yi min rantsuwa a kan abin da yake hannun Allah ba. Na ji daɗin gaskiyarta, amma ba ta rage min komai ba. Wallahi ba mutuwa nake tsoro ba, na isa. Ɗan hasken nan nake tsoron ya tafi, in koma sai an ɗaga ni an kai ni an dawo da ni, a gidan da ko yaushe cike yake da maza baƙi.

Tun ranar ɗakina bai huta ba. Tsofaffin mata ake ta jawowa, su zauna su yi ta shafa hannuna suna tambaya da gaske ne za ni. Akwai wata daga bayan kasuwa, da tana saƙar tabarma, yanzu idanun duka sun rufe. Ta ce 'ya'yanta sun ɗaura mata igiya daga ƙofar ɗakinta zuwa bayi, ita take bi, sai ran nan wani ya kwance ya yi shanya da ita, ta tsaya a tsakar gida tana kira har rana ta gasa ta. Tana faɗa tana dariya. Ta ce ita ba ta yarda da ɗan siyasa ba ko wane ne shi, amma ba ta tsammanin zai cuci wadda ta haife shi. In na shiga na fito, ita ce ta biyu. In ban shiga ba, ta koma wa igiyarta. Sauran ma haka suka ce. Kin ji kayan da suka ɗora min, ni da ko butata da ƙyar nake ɗauka.

Shi kuwa gwanin, da yake iya tsayawa gaban manya ya yi ta zuba, sai ya kasa shigowa ɗakina. Kwana da kwanaki ina jin takunsa ya zo bakin ƙofa ya juya. Ran nan dai bayan la'asar ya shigo, ya cire takalmi ya zauna a ƙasa. Ya ce ya yi laifi, bakinsa ne ya riga shi, in yafe masa. Ya ce in ban so ba zai koma filin makarantar ya gaya musu da bakinsa cewa bai tambaye ni ba, su yi masa dariyar da za su yi, ya saba. Na ce likitocin fa, ya ce sai su wuce. Na ce to tsofaffin fa su yi yaya. Na wanke shi tas, ban rage masa ba. Na ce idon nan nawa ne ba na majalisa ba, kuma ni ba wanda ya zaɓe ni. Na ce ɗakina ya zama na kowa, barcina ya zama na kowa, yanzu kuma har ido. Yana ta cewa haka ne Inna, haka ne. Da na gaji da faɗan na tsaya, sai na ji numfashinsa ya canja, ashe barci ya ɗauke shi a zaune, kansa jingine da gadona. Ban tashe shi ba. Mutanen waje suna ta sallama na ce a ce musu ba ya nan, Allah ya yafe min ƙaryar.

Da ya farka na gaya masa za ni. Kada ki ce jarumta ce. Na dai duba ne na ga in na ƙi, matar nan mai igiya ba za ta fita daga raina ba, ga shi dama ba wani barcin kirki nake samu ba. Amma na kafa masa sharaɗi. Ba mai ɗaukar hoto, ba 'yan rediyo, ba za a ɗora ni a kujera ana nuna ni ba. Kuma in na fito, abin da na ji shi zan gaya wa tsofaffin nan. In da zafi zan ce da zafi. In ban ga komai ba zan ce ban gani ba, ko da kujerarsa za ta tafi a kan haka, don ba zan yaudari bayin Allah saboda ɗana ba. Ya ce haka yake so.

To abin da nake roƙonki ke nan, ki zo. Na san ƙafarki, na san hanyar da nisa, na san maigidanki ba ya son ki yi nesa da shi. Ki ba shi haƙuri, ki ce yayarki ce ta kira, kuma ban taɓa yi miki irin wannan kiran ba. Direban ɗanki ne zai kawo takardar nan, ya ce zai jira ki shirya. Ba don na rasa mai jinya ba ne, matarsa tana ƙoƙari, ba ta taɓa ɗaga min murya ba. In abin ya yi kyau, sai in ga yadda kika tsufa in yi miki dariya. In kuma bai yi ba, hasken ya tafi gaba ɗaya, to kwanakin farko kafin in saba ba na son hannun kowa ya kai ni bayi sai naki. Ni na yi miki wanka kina ƙarama, ba kunya tsakanina da ke.

Ki gaishe min da maigidanki da kyau, da babban ɗanki mai shagon katako da iyalinsa, da 'yan biyu, da takwarata, ki ce mata na ji an ce ta fara tafiya. Ki gaishe da ƙanwar mijinki mai dariya. Matar ɗanki da yara duk suna gaishe ki, maɗinkiya ma ta ce a sa tata gaisuwar tunda hannunta ya gaji a kanki. Ki sa yaran su yi min addu'a. Ki taho da maganin ƙafarki da yawa, don ban san ranar da zan sake ki ba.

Wassalam.

Ni ce yayarki.