Igiyoyin Gwaggo Eudoxie

Litinin, 4 ga Satumba
Mutane na ɗauka teku ya fi ƙarfin rana ɗaya ta ɗumama shi. Ni ma haka nake koya wa 'yan ajina.
Kwana uku babu iska. Gwaggo Eudoxie ta so ta ɗaura duwatsu ta nutsar da igiyoyin ciyawar tekun da take nomawa can ƙasa inda ruwa ya fi sanyi, yadda tsofaffi ke yi. Na hana ta. Ciyawar na son haske, kuma kullum kafin in tafi makaranta ina auna zafin ruwan da ma'aunina na kwalba: digiri ashirin da tara, ba ya motsi. Ta ce, "To, Malam Cuthbert mai kwalba, mu da ba mu yi karatu ba ai sai mu bi."

Laraba, 6 ga Satumba
Ko ganyen kwakwa ba ya motsi.

Asabar, 9 ga Satumba
Babu makaranta, sai na raka ta da ƙarfe uku na rana. Ina sa ƙafa na ji kamar ruwan wanka. Saman ruwan digiri talatin da uku. Na nutsa hannu har kafaɗa, can ƙasa da sanyi. Rana ce ke dafa saman, kuma babu iskar da za ta gauraya shi da na ƙasa. Kafin gari ya waye ya huce, ni kuma sai in zo da safe in auna abin da ya huce. Na san wannan a littafi. Na sani.
Ciyawar ta yi fari, tana narkewa a hannu.

Lahadi, 10 ga Satumba
Igiya bakwai muka ceto cikin arba'in. Abin da za ta ci har ƙarshen shekara ke nan, har da irin shuka. Ba ta yi faɗa ba. "Riƙe nan, ɗana," kawai. Da ma ta zage ni.

Alhamis, 14 ga Satumba
Iska ta dawo. Me za ta yi mana yanzu?

Talata, 19 ga Satumba
Gwaggo ta aiko min ɗanyar ayaba da kifin gishiri. Na kasa ci.
A aji wata ɗaliba ta tambaya ko ruwan zai sake yin haka bana. Na ce ban sani ba. Na ce duk ranar da iska ta kwanta su je bakin ruwa da rana tsaka, su taɓa samansa, su nutsa hannu, su zo su gaya mini. Ni zan rubuta.