Duwatsun da Na Ƙi Wankewa

Zuwa ga Kawu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da kyau, da fatan ciwon gwiwar nan ya yi sauƙi, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Mu nan lafiya lau, Umma ta warke daga murar, Auta kuma ta shiga aji uku, sai surutu. Saƙonka ya iso ta bakin Yaya, cewa in je in ba manajan otal haƙuri, tunda kai ka nema min aikin kula da tankin kifin da ke zauren baƙi. Kawu, ban taɓa ƙin maganarka ba, amma ka fara jin abin da na gani safiyar Talata.

Na shiga ƙarfe bakwai na kunna fitilar tankin. Ruwa fes, ka rantse babu komai a ciki. Amma murjanin nan masu rai, da suke buɗewa kamar furanni da zarar haske ya taɓa su, duk sun dunƙule, biyu har sun fara fari. Kifayen kuma suna can saman ruwa suna haki.

Ga yadda aka yi. Shekara biyu ke nan ruwan gishirin tankin yana gangarawa ƙasa, ya ratsa wasu duwatsu masu ramuka, wata na'ura ta tattara ƙazantar cikin kumfa, ni in zubar. Duwatsun munana ne, ban musa ba, amma a jikinsu ƙananan halittun da ke cinye dattin kifin suke zaune. Ba a littafi na gani ba. Sau ɗaya na ɗauraye guda biyu da ruwan famfo, washegari murjani ya yi fushi, ban sake ba. To, sai wani mai sayar da kaya ya zo da jaka da takardun shaida, ya leƙa ƙasan, ya toshe hanci, ya ce wannan ai kwata ce. Wai a cire komai a sa matatar ruwa ta zamani, rufaffiyar tukunya mai soso a ciki, duwatsun kuma a wanke su da bilic, sinadarin wanke fararen kaya. Na ce a sa tukunyar in ana so, amma a bar duwatsun a wurinsu. Ya tambaye ni wace makaranta ce ta koya min wannan ilimi, aka kwashe da dariya. Manaja ya ce in wanke, na ce wallahi ba da hannuna ba. Na kwashe duwatsun cikin bokitai da ruwansu, na kai ɗakin ajiya, na sa musu famfon iska.

Kwana shida da sa tukunyar aka wayi garin Talatar nan. Ban tambayi kowa ba, Kawu. Na canza rabin ruwan, na mayar da duwatsuna da na'urar kumfa. Kafin la'asar kifayen suka sauko, jiya Alhamis murjani ya buɗe, ban da guda ɗaya da ya mutu.

Yanzu manaja ya kawo takarda wai in sa hannu cewa ni na yi kuskuren awon gishiri, in ba haka ba in ajiye makullai ranar Litinin. Ba zan sa ba. Aikin ina son sa, kuma ina jin kunyarka, amma in na sa hannun nan gobe za su mayar da tukunyar ita kaɗai, sauran murjanin su bi ɗan'uwansu, a ce ni ne. In kora ce, su kore ni.

Ka gaishe da Gwaggo da 'yan biyu, Umma ma tana gaishe ku. In kuma kana ganin taurin kai ne kawai, ka kira ka tambaya, don ba ni kaɗai na gani ba. Baba mai gadi shi ya kama min bokitan, Inna mai shara tana tsaye da tsintsiyarta tana salati, matar da ke karɓar baƙi ta ɗauki hoto a wayarta. Shi kansa manajan yana bayana riƙe da kofin shayi, har na gama bai ce in bari ba.

Naka,
ɗan ƙanwarka.