Raƙumin da Baba ya hau a Masar

Daren Laraba, farkon damina

Har yanzu raina a ɓace yake. Yaya Sani, da ya raka Baba asibiti, ya bugo waya daga Masar bayan la'asar, wai Baba ya wuni a hannun 'yan sanda. Mutumin da muka jinginar da gonar fadama don a yi masa aikin ido!

Sun fita ganin gari ne, wani mai raƙumi ya ce Baba ya hau kyauta. Da ya hau, sai ya ce sauka kuma sai an biya. Baban da ya tashi cikin raƙuman fatake a kasuwar Bici? Ya ja akala, ya daka tsawa, raƙumi ya durƙusa, ya sauko abinsa. Shi ne mutumin ya kwarma ihu wai an dukar masa dabba. Can ba mai jin Hausa, ba mai unguwar da zai sasanta. Sun riƙe fasfonsa sai an biya diyya.

Inna ta ce, "Da ma ya ba shi tun farko, a zauna lafiya."

A ba maƙaryaci? Haka na ce mata, har da ɗaga murya.

Ga shi gobe ni ne zan ja tunkiyarta kasuwa, a sayar a aika kuɗin diyya. Raƙumin kyauta ya cinye ta.