Bakan da ka bari rabi

Baba,

Assalamu alaikum. Na san ba za ka karanta wannan ba, amma wa zan faɗa wa?

Gida lafiya. Inna tana nan Samaru, ta ƙi komawa wurina a Sabon Gari. Ni kuma ina zuwa aikin walda a Chikaji, ina dawowa nan wurinta. Mutane suna cewa na yi haƙuri. Ba haƙuri ba ne, Baba, ba na jin komai ne.

Malam Tanko maharbi ya zo neman bakan da ka fara masa. Na samu itacen marken a bayan ƙofa, inda ka jingine shi. Ka kankare rabi. Sauran rabin yana ɗauke da layin gawayin da ka ja, da shatin babban yatsanka a gefe.

Ka tuna abin da kake nanata mini? Kowace damina itace yana ƙara riga ɗaya, kuma dole bayan baka ya bi riga guda daga kai har gindi. In wuƙa ta zarce ta shiga ta ƙasa, nan zai karye ranar da aka ja shi. Ka ɗauka ba na saurare. Ina ji, Baba. Ban taɓa gaya maka ba ne.

Na daɗe ban taɓa shi ba. In zan ƙarasa, sai na kankare layinka, kuma shi ne abu na ƙarshe da hannunka ya bari a gidan nan. In na bar shi, gara ta riga ta fara hawa bangon. Da kai ne, me za ka yi?

Na ɗauki wuƙarka. Na bi rigar da ka zaɓa sannu a hankali, ban zarce ba. Gawayin ya tafi, shatin yatsan ma ya tafi. Malam Tanko ya ɗaura tsirkiya, ya ja har kunne. Bai karye ba. Ya yi maka addu'a, ya tafi da shi.

Na tara ɓawon da na kankare a kwano, baƙin gawayinka yana jiki. Da na dawo daga masallaci, sai na tarar Inna ta hura wuta da shi. Ba ta sani ba, ni kuma ban faɗa mata ba. Ta tuƙa tuwo, na zauna na ci.

Allah ya ji ƙanka, ya haskaka kabarinka.

Ɗanka,
Sani