Ramukan Gaiwa a Filin Sukuwa

Zuwa ga Shugaba da dattawan da ke shirya sukuwar dawaki a Birnin Kebbi,

Gaisuwa mai yawa da ban girma, da fatan kuna lafiya, ku da iyalanku. Allah shi ba ku nasara. Bayan haka, ni ne Umaru, manomin shinkafa a Zauro, mai akawal, baƙin dokin nan da aka harbe a filin sukuwa bara. Shekaranjiya manzonku ya zo ya ce in shirya ƙanen akawal, wanda suke uwa ɗaya, domin sukuwar bana, kuma a filin nan dai na bara. Shi ya sa na nemi malami ya rubuta mini wannan takarda, ina kuma roƙon a karanta ta a bainar jama'a, don maganar ta shafi duk mai doki daga nan har Argungu da Augie.

Na ɗaya. Tun muna yara a tudun bayan gari ake sukuwa, ƙasa mai tauri wadda kofato ya saba da ita. Bara aka ce Bature ya ratsa fadamarmu bisa dokinsa, ya gan ta shimfiɗe kamar tabarma, ya ce nan ya fi. A ido yana da gaskiya. Amma shi da rani kawai ya san fadamar, mu kuwa a cikinta aka haife mu.

Na biyu. Idan ruwan Rima ya janye, kifin gaiwa ba ya bin sa. Yakan nutse cikin taɓo ya kwanta, ƙasa ta bushe a kansa. Mu kuma sai mu bi da sanda muna ƙwanƙwasa ƙasa, inda muka gane makwancinsa mu haƙa mu ciro shi. Wani ramin yakan kai gwiwar mutum, bakinsa kuwa ɗan ƙarami. Ba mai cike shi, domin damina ce ke cikewa. Da kuka tura mutane gyaran fili, wuni guda aka ba su. Suka zuba ƙaiƙayin shinkafa a ramukan da suka gani, suka rufe da ƙasa, suka daddaɓe. Waɗanda ciyawa ta rufe kuwa ko ganinsu ba su yi ba.

Na uku. Ranar sukuwa ƙanena Garba ne ya hau akawal. Magidanci ne, ba yau ya fara riƙe linzami ba. Suna gaba, sun kusa giginyar da ake karya kwana, sai ƙafar dokin ta gaba ta dama ta shige rami. Ni da nake tsaye nesa sai da na ji ƙarar ƙashin. Garba ya karye a kafaɗa, har yau ba ya iya ɗaga fartanya yadda ya kamata. Dokin ya yunƙura ya miƙe a kan ƙafa uku, yana waiwaye yana neman inda nake. Mai ɗorin da ya zo kallo daga Argungu ya duba ya girgiza kai. Baturen dabbobi ya sa masa bindiga, ina riƙe da ragamarsa. Aka ja shi gefe, aka ci gaba da tsere, aka ba wanda ya ci tseren kofi aka tafa. Shekara bakwai ina yanko masa harawa da hannuna, amma ko sannu ba wanda ya aiko mini daga cikinku.

Na huɗu, kuma wannan ce ta fi yi mini nauyi. Ban rubuto don in ɗora muku laifin duka ba. Ranar da aka auna filin ina wurin, ni na riƙe bakin igiya ma. Na san abin da ke ƙarƙashin ƙasar. Na dubi dattawa na ga sun yi shiru a gaban Bature, na ce wane ni in buɗe baki. Ban da kunya kuma akwai kwaɗayi, domin na ƙyalla ido a kan kofin nan, ina cewa a raina ai akawal ya san fadama. Da na koma kwana biyu bayan sukuwar na tsaya bakin ramin, sai na gane shi. Taku goma ne daga giginya, ta gabas. Ni na haƙa shi, makonni kaɗan kafin a zo awo. Gaiwar da na ciro babba ce, mun ci ta da tuwon shinkafa har muka ɗiba wa maƙwabta. Wannan magana ko Garba ban gaya wa ba, a wannan takarda zai fara jin ta, kuma ina neman gafararsa.

Na biyar. Masu dawakin Argungu sun ce bana ba za su zo ba. Wani mutumin Augie da dokinsa ya gurɗe a ranar ya sayar da sirdinsa, ya ce ya gama. Idan aka ci gaba a haka, za ku wayi gari da kofi a hannu babu wanda za ku miƙa wa. Ni mai son sukuwa ne, ba na so ta mutu a zamaninmu.

Don haka ina roƙonku, ranku shi daɗe, ku mai da sukuwa tudu inda take tun farko. Idan kuna jin nauyin gaya wa Bature, ku kai ni gabansa da tafinta, bana zan yi magana. In kuwa dole sai fadama, to ku bar mu masu haƙar gaiwa mu bi filin da sanda taku bayan taku, mu cike kowane rami da laka, ba da ƙaiƙayi ba. In ba a yi ko ɗaya ba, ƙanen akawal yana turkensa ba zai fita ba, duk hukuncin da kuka yanke mini na ɗauka. Na riga na haƙa wa doki ɗaya rami, ba zan ja na biyu in kai shi bakinsa ba.

Allah shi ja zamaninku, shi ba ku ikon jin maganar talaka, shi tsare ku daga irin nadamar da nake fama da ita. Amin.

Ni ne naku,
Umaru na Zauro.

Wassalam.