Irin Tumatir a Roba Mai Murfi

Zuwa ga Yayata,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigida da yara. Yaya ƙafar nan taki, kumburin ya sauka? Ni lafiyata ƙalau, kasuwa ma da godiya, robobi suna tafiya. Abin da ke damuna ba na jiki ba ne. Ki zauna kafin ki karanta, don na san sai kin yi mini dariya.

Kin tuna lambun 'yan sa-kai da ke bayan ɗakin karatu na unguwarmu, wanda na shiga bara kika ce me ya haɗa mai sayar da robobi da fartanya? Duk Asabar da safe muke haɗuwa, mu yi ban-ruwa, mu cire ciyawa, abin da aka tsinka a raba wa tsofaffin unguwa. Farkon kowane wata kuma mutum ɗaya yakan tashi ya ba da shawarar lokaci: me ake shukawa yanzu, me ake dasawa, wane fangali za a bari ya huta. Kin san bakina. Wata uku da shigata na zama ni ne mai tashi. Abin da na tsinta wurin masu kayan miya ran Alhamis, shi nake ƙara wa gishiri in sayar musu ran Asabar, suna gyaɗa kai.

Akwai wata dattijuwa a cikinmu, Malama muke ce mata, ita ta koya wa rabin unguwar nan karatu. Mijinta marigayi ne ya fara lambun, ya kuma bar wani tumatir nasa mai tsaga-tsaga kamar ƙaramar kabewa, wanda ya shekara ashirin yana zaɓen irinsa da hannunsa. Ƙa'idarmu, in an gama tsinka sai a ba mutum ɗaya ajiyar irin har lokacin yafi ya zagayo. Malama takan shanya shi a kan takarda kwana goma, ta zuba a ambulan da ɗan toka. Ni kuwa na miƙe a gaban jama'a na ce wannan aikin mutanen da ne, ina da roba wadda ko iska ba ta shiga. Ta miƙo mini shi duka da sauran danshinsa, ta ce in ƙarasa shanyawa tukuna. Kwana biyu na ba shi na rufe. Ban yi ƙarya ba, Yaya, iska ba ta shiga robar nan. Ba ta kuma fita. Ranar da na buɗe, na tarar ya yi baƙi, ya yi funfuna, ya dunƙule kamar tsohon soso.

Da na je na faɗa a lokacin, da yanzu an manta. Sai ɗan kasuwan da ke cikina ya farka. Na wanke robar, na sayo irin fakiti na juye, har da barbaɗa toka don ya yi kama. Aka yafa, aka dasa fangali shida. Yanzu ya fara 'ya'ya, ga su nan sumul kamar ƙwai, babu tsaga ko ɗaya. Wani tela a cikinmu ya ce ko taki ne ya yi yawa, na ce ai sauyin yanayi ne, har na yi dogon bayani. Malama kuwa takan tsaya ta murza ganye a yatsunta, ta wuce. Wallahi na fi son ta zage ni.

Ga roƙona. Da kika zo bara Malama ta ba ki tumatir ɗin a kwando, daga baya kika ce mini wani ya tsiro da kansa a bakin magudanar wanke-wankenki. Idan yana nan, don Allah kada yara su tsinke, kada ki jefa a tukunya. Ki bar biyu su nuna sosai, ki ba direban da ke kawo mini kaya. Idan kuwa babu, to irin tumatir ɗin marigayin nan ya ƙare, kuma a hannuna.

Ki gaishe da kowa.

Ƙaninki,
Mai Robobi

*

Yaya,

Ina gaisuwa, ina kuma godiya. Tumatir biyun sun iso lafiya cikin tsummanki, da tsagoginsu. Na ga takardar da kika cusa a ciki, na kuma karɓi zagin, na cancanta.

Ba zan ɓoye miki ba, niyyata in cire irin a ɓoye, in musanya, baɗi tumatir ya dawo in ce ai na faɗa muku yanayi ne. Amma na daina yarda da hannuna, sai na biya gidan Malama da su a aljihu, wai in bugi cikinta in ji ainihin yadda ake shanyar. Ta zaunar da ni a falonta. A kan teburin taga akwai takarda a shimfiɗe, an danne kusurwoyinta da duwatsu, babu komai a kai. Ta ce tun sati na uku da yafi ta gane, domin na mijinta faɗin ganye gare shi kamar na dankali, wannan kuwa yaga-yaga ne. Ta ce tun ranar ta shimfiɗa takardar, ko da wani abu zai zo.

Yaya, ni da nake sayar wa mai bokiti uku na huɗu, sai kawai na sa hannu a aljihu. Na zaro su na ajiye. Ta ɗauki ɗaya ta shinshina, ta daɗe tana riƙe da shi. Sannan ta tambayi wanda ya raine su, ta ce in gaishe ki da kyau.

Irin yana kan teburinta, yau kwana huɗu. Ba ta tona ni ba. Ta dai ce shawarar watan gobe a kan ajiyar iri ce, ni zan bayar, kuma in taho da robar.

Ki sa ni a addu'a ran Asabar. Wannan ne karo na farko da zan tashi a gabansu in faɗi abin da na sani.

Ƙaninki,
Mai Robobi