Tsargiyar Mus'ab

Assalamu alaikum, ɗana Mus'ab.

Ina gaishe ka da Hindatu da yara. Ya mutanen Gafasa, an cire gyaɗa? Ka yi haƙuri da rubutuna, na yaƙi da jahilci ne.

Ina lafiya a Masar, jaririn yayarka Zuhra yana ta girma. Abinci ne dai ba ya shiga tun ranar da ta kai ni wurin aikinta na binciken cututtuka. Fararen ɓeraye na gani a keji. Da gangan ake sa musu ciwon dajin mafitsara, a ga yadda yake cin jiki, ko a dace da magani. Ɗaya ya yi fitsarin jini a gabana. Zuhra ta ce tsargiya in ta daɗe tana iya jawo wa mutum wannan ciwon.

Kana yaro ka nuna mini jini a fitsarinka, na ce duk mai wankan kududdufi yana yi, na jiƙa maka saiwa. Yau shekara ashirin bai daina ba.

Don Allah ka hau motar Ajingi zuwa Kano a duba ka, kada ka jira dawowata. Ni ce na ce maka ba komai, ban sani ba ne.

Mahaifiyarka,
Lauratu